Filin Lafiyarku: Aikin Sauya Gaɓar Kwatangwalo ga Wanda Yake Zaune Shi Kaɗai

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan magana guda, wato aikin sauya gaɓar kwatangwalo, musamman ga wanda ba shi da mai jinya a gida. Likitan ƙashi da likitan fisiyo (mai jinya ta hanyar motsa jiki) na wannan fili ne suka haɗu suka amsa. Duk inda maganarmu ta saɓa da ta likitan da zai yi maka aikin, tasa za ka bi, domin shi ya ga hoton ƙashinka, shi kuma ya san ta inda zai shiga.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 64, maigidana ya rasu, 'ya'yana duk suna nesa. Amosanin gaɓɓai ya cinye mini kwatangwalon dama, takalmi ma ba na iya sawa sai da hawaye, da dare kuwa babu barci. An ba ni ranar aiki nan da wata biyu, amma 'yata ta ce kwana uku kacal za ta samu a wurin aikinta. In fasa ne, ko zan iya jinyar kaina? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan maigida, ke kuma Ya ba ki lafiya. Kada ki fasa. Ciwon da ya hana ki barci ya hana ki sa takalmi ba zai tafi da kansa ba, kuma duk watan da aka ƙara ana ɗingishi tsokar cinya da ta ɗuwawu ƙara shanyewa suke yi, warkewa bayan aiki ta ƙara wuya.

Ki fara sanin abin da za a yi miki, domin daga nan duk dokokin suka fito. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana zaune a cikin wani ƙoƙo da ke jikin ƙashin ƙugu, guringuntsi mai santsi ya lulluɓe su biyun. Idan guringuntsin ya ƙare sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi. A ɗakin tiyata za a yanke wannan kan da ya lalace, a soka wani ƙarfe a cikin ramin ƙashin cinya, a ɗora masa sabon ƙwallo na ƙarfe ko na tangaran, yawanci mai faɗin milimita 32 ko 36. Sai a kankare ƙoƙon ƙugu a sa masa sabo mai shimfiɗar roba mai tauri ko tangaran. Wani lokaci ana kafa su da simintin ƙashi, wani lokaci kuma ana matsa su ne kawai, ƙashi ya tsiro ya riƙe su a hankali. Aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma galibi allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Aiki ne da ya daɗe: tun 1962 wani likita a Ingila mai suna John Charnley ya daidaita irin wanda ake bin sawunsa har yau. A ranar da aka yi, ko washegari, za a tashe ki ki taka, kuma yawancin mutane suna komawa gida cikin kwana ɗaya zuwa uku.

Game da zama ke kaɗai, an taɓa bincikar wannan tambayar taki. A 2018 wasu likitocin ƙashi a Filadelfiya ta Amurka sun wallafa sakamakon bin diddigin mutum fiye da 700 da aka sauya wa kwatangwalo ko gwiwa aka sallame su kai tsaye zuwa gida. Waɗanda ke zaune su kaɗai ba su fi sauran samun matsala ba, sai dai sun fi ƙara kwana a asibiti, sun kuma fi buƙatar ma'aikacin lafiya ya riƙa leƙo su. Abin da muke tsoro a kanki shi ne wani abu ya same ki babu wanda ya sani, kuma wannan ana iya toshe shi tun yanzu.

Kwana ukun 'yarki kada a ƙarar da su a bakin gadon asibiti, inda akwai ma'aikatan jinya dare da rana. Ta zo ranar da za a sallame ki, ta kwana da ke daren farko uku a gida, domin su ne masu wuya: ƙarfin allura ya gama fita, maganin zafi yana sa jiri, ke kuma ba ki saba da sandunan dogarawa ba. Bayan ta tafi kina buƙatar mutum biyu ko uku da kowa ya san aikinsa. "In kina buƙatar wani abu ki kira ni" ba tsari ba ne, don kunya za ta hana ki kira. Ki zauna da su ki raba: wance za ta buga waya ƙarfe takwas na safe da takwas na dare, idan ba ki ɗauka ba har sau biyu ta taso, wane zai yi cefane sau biyu a mako ya fitar da shara, wani zai kai ki asibiti ranar cire zare, tsakanin kwana 10 zuwa 14. Ki ba mafi kusa da ke makullin gida na biyu, kuma kada ki sa sakata ta ciki da dare, don makulli ba ya buɗe sakata.

Ki faɗa wa likitanki tun yau cewa ke kaɗai ce, kada ki bari sai ranar sallama. Kafin ki bar asibiti ki tabbata kin hau gado kin sauka ba tare da an kama ki ba, kin shiga banɗaki kin fito, kin sa tufafinki, kin taka matakala idan akwai ta a gidanki. Wanda bai iya waɗannan ba bai isa sallama zuwa gidan da ba kowa ba, kuma kina da hakkin faɗin haka. Akwai waɗanda muke ba shawarar su nemi mai kwana da su na mako biyu ko fiye: mai yawan mantuwa, wanda ya faɗi sau biyu ko fiye a shekarar da ta wuce, wanda idonsa ya yi rauni sosai, da mai ciwon zuciya ko huhu mai tsanani. Idan ba ki cikinsu, da yardar Allah za ki iya.

Tambaya: Likita, saura mako uku a yi mini aikin. Me zan gyara a gida, me kuma ya kamata in saya? Ba na son tara kayan da ba zan yi amfani da su ba. Daga wani malamin makaranta mai ritaya.

Amsa: Malam, ka ɗauko awo ka fara da kujera. Ka tsaya da takalmin da za ka riƙa sawa, a auna daga ƙasa zuwa lanƙwasar bayan gwiwarka. Duk abin da za ka zauna a kai, kujera ne, gado ne, ko masai, ya kai wannan tsayin ko ya ɗara shi da kamar santimita 5, ta yadda idan ka zauna gwiwa za ta kasance ƙasa da ƙugu. A auna kujerar bayan an zauna a kanta, domin mai laushi takan nutse da mutum fiye da yadda ido ke gani. Kujera mai tauri mai hannuwa biyu kake so, wadda ba ta da taya kuma ba ta lilo. Gado idan ya yi ƙasa a ɗaga ƙafafunsa da katako mai faɗi da ba zai goce ba. Katifar da ke shimfiɗe a ƙasa ba za ta yi ba sam a makonnin farko.

Banɗaki ne wurin da aka fi faɗuwa. Ana sayar da ƙarin mazaunin masai mai tsayin santimita 5, 10 ko 15, wani har da hannuwan dafawa. Idan masan tsuguno ne a gidanka, sai ka nemi kujerar bayan gida mai ƙafa huɗu da ake ɗorawa a kansa, domin tsuguno yana cikin abubuwan da suka fi gotar da sabuwar gaɓa. Wannan kujerar tana da wani amfanin: da dare ka ajiye ta kusa da gado da bokitinta, ka huta da tafiya cikin magagi. Sai shimfiɗar roba mai hana santsi, da doguwar kujerar wanka. Ƙarfen rataye tawul ba abin dafawa ba ne, zai fizgo ya biyo ka. Idan za a kafa ƙarfen dafawa, a ɗaure shi da kusoshi a jikin bango.

Ƙananan kayan da suka cancanci kuɗinsu huɗu ne: sanda mai baki da ake ɗauko abu daga ƙasa da ita, dogon cokalin sa takalmi, abin zura safa, da soso mai dogon mariƙi. Sandar ɗaukar kaya ka sayi biyu in da hali, don ranar da ɗayar ta faɗi ƙasa, da me za ka ɗauko ta? Takalmi ya zama mai rufe dunduniya, mara igiya, mai ƙasan roba. Silifas yana zamewa.

Ga wani abu da mutane ba sa tunawa sai sun dawo gida: hannuwanka biyu suna kan sanduna, to da me za ka ɗauki kofi? Ka tanadi jakar da ake ratayawa a ƙirji ko riga mai manyan aljihu, filas mai murfi, da robobin abinci masu rufewa gam. Mafi sauƙi ma ka ajiye doguwar kujera a kicin ka ci a inda ka ɗumama. Ka dafa abincin mako biyu ka raba shi ci ɗaya-ɗaya ka sa a firiza, a saman da ba sai ka sunkuya ba. Tukunya, kofuna, magani, tufafi, duk abin da hannunka ke taɓawa kullum ya dawo tsakanin ƙugu da kafaɗa.

Sannan ka bi gidan da ido daga gado zuwa banɗaki zuwa kicin. Ka naɗe duk ƙaramin kafet, ka ɗauke wayoyin wuta da suka gitta hanya, ka buɗe fili yadda ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu zai wuce. Ka sa fitila mai caji a gefen gado da wata a hanyar banɗaki. Idan ɗakin barcinka a sama yake, ka sauko da gado ƙasa na mako biyun farko. In ka sami sandunan kafin ranar aiki, ka yi yini guda kana yin komai da su ba tare da sunkuyawa ba. A wannan yinin za ka gano abin da mu ba za mu iya hango maka daga nan ba.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ina shan maganin tsinka jini saboda zuciya, kuma gaskiya ina shan taba. Akwai abin da zan yi kafin ranar? Daga wani direba.

Amsa: Akwai, Malam, kuma mun ji daɗi da ka faɗi gaskiya. Taba tana matse ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya ƙi haɗewa, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Ka daina aƙalla mako huɗu zuwa shida kafin aiki, kada kuma ka koma bayansa. Suga kuwa, za a yi maka gwajin da ke nuna matsakaicinsa na wata uku. Yawancin likitocin ƙashi suna son ya sauko ƙasa da 8 cikin ɗari, idan ya haura sosai gara a ɗaga ranar a gyara shi. Ƙwayar cuta idan ta manne a jikin ƙarfe magani kaɗai ba ya cika fitar da ita, sau da yawa sai an sake buɗewa.

Maganin tsinka jini kada ka tsayar da shi da kanka. Wafarin akan dakatar da shi kamar kwana biyar kafin aiki, wasu magungunan kwana biyu ko uku, wasu mako guda, amma likitan zuciyarka da mai allurar barci ne za su yanke. Ka zuba duk abin da kake sha a jaka ka kai musu, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, domin wasunsu suna ƙara zubar jini, akan so a bar su mako biyu kafin aiki. Ka je a duba haƙoranka, ruɓaɓɓen haƙori maɓoyar ƙwayoyin cuta ne. Idan akwai ƙurji ko gyambo a ƙafa, ko zafin fitsari, ka faɗa. Idan an yi maka allurar kashe kumburi a cikin gaɓar cikin wata ukun da suka wuce, ka faɗa shi ma. Idan kana da ƙarancin jini a magance shi tun yanzu. Kada ka aske gashin wurin da reza, ƙananan yankan da ido ba ya gani suna jawo matsala. Ranar aiki akan bar abinci awa shida kafin lokaci, ruwa zalla kuma awa biyu, sai in an ce maka daban.

Tuƙi sai wajen mako shida, lokacin da ka daina maganin da ke sa barci kuma kana iya taka birki da ƙarfi ba tare da jinkiri ba. Tuƙin sana'a na dogon zango yakan jira fiye da haka, har zuwa wata uku.

Tambaya: An ce mini ƙashin yana iya gocewa bayan aiki. Wannan magana ta hana ni sukuni. Yaya zan kwanta, yaya zan sa wando, tunda babu mai taimaka mini? Daga wata ma'aikaciya.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Yana faruwa, amma ga mutum ɗaya zuwa uku ne cikin ɗari, kuma mafi yawa a wata ukun farko, kafin naman da aka yanka ya haɗe ya sake riƙe gaɓar. Ki tambayi likitanki ta ina zai shiga. Idan ta baya ne, abu uku ake kiyayewa na kamar mako shida: kada gwiwa ta ɗago ta wuce ƙugu ko ƙirji ya sunkuyo kan cinya, kada ki harɗe ƙafafu, kada ki juya ƙafar ciki. Haɗuwar ukun a lokaci guda ce ta fi haɗari, kamar mutum yana zaune a gajeriyar kujera ya karkata ya miƙa hannu zai ɗauko abu a ƙasa ta gefen ƙafar da aka yi wa aiki. Idan ta gaba aka shiga, abin kiyayewa shi ne miƙa ƙafar baya sosai tare da juya ta waje. Wasu likitocin yanzu sun sassauta waɗannan dokoki, don haka ki nemi a rubuta miki naki.

Wajen zama, ki ja da baya har ki ji kujera ta taɓa bayan gwiwoyinki, ki ɗan miƙa ƙafar aikin gaba, ki dafa hannuwan kujera, ki sauka a hankali. Wajen tashi ki matso bakin kujera ki tura da hannuwa. Kada ki ja ƙarfen dogarawa don ki miƙe, zai kife da ke. Hawa gado: ki zauna a bakinsa, ki ja jiki baya da hannuwa har cinyoyi su hau, sannan ki juyo da ƙafafu tare da gangar jiki gaba ɗaya. Idan ƙafar ta yi nauyi, ki zarga mata dogon zane ko bel a tafin ƙafa ki ɗago ta da hannu. Ki kwanta rigingine da matashi tsakanin gwiwoyi. In an yarda ki kwanta ta gefe, matashin ya zama mai kauri, ya kai daga gwiwa zuwa idon sawu. Bargo ki naɗe shi a gefenki kafin ki kwanta, don miƙa hannu ƙarshen gado a janyo shi sunkuyawa ce. Da safe kuma kada ki zabura: ki zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu har jiri ya wuce.

Wando da siket a zaune ake sa su. Ƙafar aikin ce take fara shiga, ita ce kuma ta ƙarshen fita, sandar ɗaukar kaya tana riƙe da bakin wandon har ya iso gwiwa. A matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa, sai mai ciwon da sanda su biyo. Wajen sauka sanda ce gaba, sai mai ciwon, sai lafiyayyar. Idan za ki juya, ki yi ƙananan taku, kada ki murɗa jiki ƙafa tana kafe a ƙasa. Ranar da aka mayar da ke sanda ɗaya, a hannun da ke ɗaya ɓangaren za ki riƙe ta, ba a gefen aikin ba. Mutane da yawa suna yin akasin haka, sai ɗingishi ya zauna musu.

Tambaya: Yau kwanana tara da aiki. Cinyata ta kumbura har idon sawu, fatar ta yi duhu kamar an doke ni. Ni kaɗai nake, ban san wanne ne na hankali wanne ne na gudu asibiti ba. Daga wani dattijo.

Amsa: Sannu Baba, Allah Ya ƙara sauƙi. Kumburi da duhun fata da ke gangarowa har ƙasa abu ne da aka saba gani, jinin da ya taru a wurin aiki ne nauyi ke janyo shi. Alamar na lafiya ita ce da safe ya ragu, da yamma ya ƙaru. Ka kwanta ka miƙe sau biyu a yini na minti 30, ƙafar gaba ɗaya tana kan matasai, ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tawul na minti 15 zuwa 20. Zama a kujera yini guda ƙafa tana reto shi ke ƙara shi.

Wanda ba ma so shi ne kumburin da bai sauka da safe ba, ga sha-raɓa ta yi tauri, ta yi zafi, tana ciwo in an taɓa. Wannan yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, a ranar za ka je a yi hoto. Idan numfashi ya yanke maka farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, ko ka yi tari da jini, gudan jinin ya tafi huhu ke nan, ka kira motar asibiti ko maƙwabci nan take, ko da tsakar dare ne. Saboda wannan ne ake ba da maganin tsinka jini na kwana 28 zuwa 35, ko ƙwaya kamar asfirin, ribaroksaban ko afiksaban, ko allurar da ake yi a fatar ciki. Kada ka bar shi don ka ji sauƙi. Idan an ba ka doguwar safa mai matsewa, ka sani ba ta sawuwa ga mai sabon aiki shi kaɗai. Ko a sami mai zuwa ya sa maka ya cire, ko ka gaya wa likita ya duba wata hanya. Safar da ta naɗe ta shaƙe bayan gwiwa ta fi rashinta illa.

Ka duba bandejin kullum da madubin hannu. Ja da ke yaɗuwa, ruwa ko mugunya da ke fita bayan mako guda, wari, zazzaɓin da ya kai 38, ko ciwon da ya lafa ya dawo yana ƙaruwa, duk na kiran likitan da ya yi aikin ne. Muna roƙonka kada ka sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta ka fara sha da kanka. Yana rufe alamar, ya ɓata gwajin da zai nuna wace ƙwaya ce, alhali idan aka kama abin a makonnin farko ana iya wanke gaɓar a bar ƙarfen a wurinsa.

Maganin zafi ka riƙa rubuta lokacin da ka sha a takarda, domin wanda ke shi kaɗai cikin magagi yakan maimaita. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a awa 24, ƙasa da haka ga mai ciwon hanta ko mara nauyi, kuma ka duba ko yana cikin wani maganin da aka haɗa maka. Masu ƙarfin, irin su kodin da tiramadol, suna sa jiri da taurin bayan gida, don haka ka yawaita ruwa da kayan lambu, ka karɓi maganin sassauta ciki tun farko, kwana uku babu bayan gida ka yi magana. Kowace awa ka motsa idon sawu sama da ƙasa sau goma. Sau uku a yini ka matse tsokar cinya da ta ɗuwawu, ka riƙe daƙiƙa biyar, sau goma-goma. Ka tashi ka taka minti biyar duk awa ɗaya ko biyu, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ka wayi gari ciwo da kumburi sun fi na jiya, ka zarce ne, sai ka rage na yini guda.

Tambaya: Tun da aka yi mini aikin nake jin ƙafar ta fi ɗayar tsawo. Kuskure aka yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Yawanci a'a, Malama. Shekarun da aka yi ana ɗingishi sun karkatar da ƙugu, gaɓar da ta cinye kuma ta gajarta ƙafar, yanzu da aka mayar da ita tsayinta sai jiki ya ji baƙon abu. Yakan daidaita cikin wata uku. Kada ki yi wa ɗaya takalmin ƙari kafin nan, in ba haka ba ƙugun zai zauna a karkace. Idan ya wuce wata uku kina jin haka, a auna.

Tambaya: Shekaruna 34, ina da sikila, kan ƙashin cinyata ya mutu. Shekara nawa ƙarfen zai yi mini? Kuma idan na faɗi a ɗaki ni kaɗai, me zan yi? Daga wani matashi.

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Wani babban nazari da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 89 cikin ɗari na irin wannan gaɓa suna nan lafiya bayan shekara 15, kusan 58 cikin ɗari kuma har shekara 25. A shekarunka ka sa a ranka cewa wataƙila a sake wani aikin nan gaba, amma wannan ba dalilin ƙarar da ƙuruciya cikin azaba ba ne. Mai sikila yana buƙatar likitan jini a cikin shirin tun farko: sau da yawa ana ƙara jini ko a sauya shi kafin aiki, a kula da ruwan jiki da ɗumi da iskar numfashi, domin tiyata tana iya tayar da ciwon. Kai kam muna so wani ya kwana da kai mako na farko cur, kuma zazzaɓi ko ciwon ƙirji ko tari a kwanakin nan na komawa asibiti ne ba tare da jira ba.

Batun faɗuwa, wayarka ta kasance a jikinka, a aljihu ko a rataye a wuya, har cikin banɗaki, ba a kan tebur tana caji ba. Ka yi cajinta da dare a inda hannunka zai kai daga kwance. In ka faɗi kada ka yunƙura. Ka ja numfashi ka dubi ƙafar: idan ta gajarta, ko ta juya ciki ko waje, ko ciwon ya hana ka motsa ta, ko kanka ya bugu alhali kana kan maganin tsinka jini, ka zauna yadda kake, ka kira, ka janyo abin rufa don sanyin ƙasa. Kada ka bari kowa ya ja ƙafar da sunan gyara, kada kuma ka ci ko ka sha komai, domin mayar da gaɓar da ta goce sai da allurar barci. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ka ja jiki da mazaunai zuwa kujera mai ƙarfi, ka juya ta lafiyayyen gefe, ka dafa kujerar da hannu biyu, lafiyayyar ƙafa ta ɗauki nauyi, ta aikin tana miƙe. Ka roƙi likitan fisiyo ya gwada maka wannan kafin a sallame ka. Ko ka tashi lafiya, ka sanar da asibiti a ranar, don ƙashin da ke kewaye da ƙarfen yana iya tsagewa ba a ji sosai ba sai hoto ya nuna.